Sansanonin Gwale-gwale: A Bar Su Su Ruguje Ko A Ci Gaba Da Tallafe Su?

Baban Zahra:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so masana gini da masana tarihin zauren nan su warware mana. Sansanin Auschwitz-Birkenau da ke ƙasar Poland, inda 'yan Nazi suka hallaka mutum kusan miliyan 1.1 tsakanin 1940 da 1945, wajen miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa, yau gidan tarihi ne mai faɗin hekta 191. Akwai gine-gine 155 a tsaye, kango wajen 300, ga shingen waya da ya haura kilomita 13. Ba don ya daɗe aka gina Birkenau, sashe na biyu na sansanin, ba, fursunoni aka tasa a gaba suka yi shi cikin gaggawa, ga shi yau ya haura shekara 80. A 2009 masanin tarihin ginin sansanin, Robert Jan van Pelt, ya kawo shawarar cewa ranar da na ƙarshe cikin waɗanda suka tsira ya rasu, a rufe Birkenau a bar ciyawa da itatuwa su cinye shi. Bartoszewski, tsohon ministan harkokin wajen Poland wanda shi ma an taɓa tsare shi a can, ya ce sam bai yarda ba. Ni hankalina ya fi kwanciya da ta farko. Bangon da aka yi ta yi wa gyara shekara da shekaru, wata rana ba zai zama bangon da fursuna ya jingina da shi ba, na magina ne. To me ake adanawa ke nan?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Baban Zahra. Tambayarka na kan hanya, amma sai mun raba gyara da tallafi, don ba abu ɗaya ba ne.

Mu ɗauki barikokin jan bulo 45 da ke sashen farko na Birkenau, su ne suka fi kowane gini a wurin rauni. Kaurin bangonsu santimita 12 ne kacal, wato faɗin bulo guda. Bulon ma na gidajen mutanen ƙauyen Brzezinka ne da aka kora aka rushe. Harsashin bai taka kara ya karya ba, kuma ƙasar wurin fadama ce, tsakanin kogin Vistula da kogin Sola, ruwa na kusa da sama.

Abubuwa uku ke cin irin wannan gini. Bulo na tsotsar ruwa daga ƙasa kamar lagwani, ruwan ya hau da gishiri, in ya bushe gishirin ya tsaya a cikin bulon ya riƙa marmashe shi. Duk wanda ya san yadda kanwa ke cin gindin katanga a unguwanninmu ya san wannan cuta. Sai sanyin hunturu: ruwan da ya shiga tsaga in ya daskare yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin ɗari, ya buɗa tsagar, bazara ta zo ya narke, baɗi a maimaita. Na uku rufi. Katakon da ke riƙe da shi in ya ruɓe a mahaɗa, nauyin rufin da na dusar ƙanƙara sai ya tura bangon waje, siririn bango kuwa ba ya jure turi daga gefe, sai ya yi ciki.

Da aka fara aikin barikoki biyu na farko a 2015, shekara huɗu aka kwashe a kansu. Ana fara ɗaukar hoto da awon kowane lungu, a sa wa duk abin da za a ɗaga lamba. A kafa wata ƙatuwar rumfa ta rufe ginin gaba ɗaya don ruwa da iska kada su taɓa shi. A tokare bango ciki da waje. Sannan a shiga ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan, a haƙa gaɓa guda a ƙarfafa harsashinta, sai ta kama kafin a matsa gaba; in ka yi gaggawar haƙe tsawon bango a lokaci ɗaya, a kanka zai zauna. Bangon da ya karkata a miƙar da shi a hankali, katakon da ya ruɓe a yanke iya inda ya mutu a yi masa ƙari, abin da aka ɗaga a mayar da shi gurbinsa bisa lambarsa. Masu binciken kayan tarihi na tsaye a kan aikin, domin a ƙarƙashin daɓe da cikin tsagogi ana tsintar ƙananan kayan da fursunoni suka ɓoye. Bulon da fursuna ya ɗora da hannunsa shi ne dai a wurin. Sabon abin yana ƙarƙashin ƙasa ne da cikin mahaɗa.

Baban Zahra:
Injiniya, wayar shingen fa? Ita ma ta 1944 ce?

Injiniya Bala:
A'a, wannan kam ka kama ni da gaskiya. Waya mai ƙaya ba ta shekara 80 a waje, ana sauya ta lokaci-lokaci. Turakun kankaren da ke riƙe da ita, wajen 3,600, su ne na asali. Ciwonsu rodin ciki: ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki, ɓawo ya riƙa zubowa. Sai a kankare tsatsar, a shafa wa rodin abin kariya, a cike gurbin. Haka ma rubutun ƙarfen da ke saman ƙofar shiga. Tun da aka sace shi a Disambar 2009 aka yanka shi gida uku, kwafi ne a rataye, na asalin yana ajiye a ciki bayan an haɗa shi. Sharaɗin dai kada a ɓoye wa mai ziyara wanne ne wanne.

Malama Hadiza:
Ina so mu duba kalmar "a bar shi". A takarda tana da daɗin ji, kamar in an janye hannu daji zai rufe wurin cikin natsuwa. Tarihi bai nuna haka ba. Fili ba ya zama babu mai shi.

A Lety, cikin Jamhuriyar Czech, an tsare 'yan ƙabilar Roma a zamanin 'yan Nazi, sama da 300 suka mutu, akasarinsu yara. A shekarun 1970 gonar aladu aka gina a wurin. Sai a 2017 gwamnati ta saye gonar, aka rushe ta a 2022, aka buɗe wurin tunawa a 2024. Kusan shekara 50 dangin mamata na zuwa addu'a cikin warin aladu. A Gusen ta ƙasar Austriya gidajen kwana aka yanka a filin sansanin. A Neuengamme kusa da Hamburg gidan yari aka ci gaba da yi a wurin, na ƙarshe bai rufe ba sai 2006. Monowitz, sashe na uku na Auschwitz ɗin kansa, inda fursunoni ke yi wa kamfanin IG Farben bauta, kusan babu abin da ya saura. A Treblinka da Belzec kuwa, wasu sansanonin kisa a Poland, bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka riƙa tona ramukan gawawwaki suna neman zinare.

Kuma mu tuna wa ya fara son a shafe wuraren nan. A 1943 'yan Nazi da kansu suka rushe Treblinka da Sobibor da Belzec, suka baje ƙasa, suka yi shuka a kai. A Birkenau sun tarwatsa gidajen ƙona gawa da nakiya a Janairun 1945, 'yan kwanaki kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su iso ranar 27 ga wata. Wanda ya ce a bar ruwa da sanyi su ƙarasa wurin, ko da niyyarsa mai kyau ce, aikin da waɗancan ba su samu sukunin gamawa ba ne zai kammalu.

Barista Umar:
Malama ta taɓo inda nake so in tsaya. Kafin wurin ya zama gidan tarihi, wurin aikata laifi ne, kuma an yi aiki da shi a kotu. A shari'ar Frankfurt ta 1963 zuwa 1965, wakilan kotun sun je Auschwitz a Disambar 1964 suka auna nisa, suka duba ko daga inda shaida ya ce yana tsaye ana iya hango abin da ya ce ya gani. Takarda ba ta yi maka wannan.

Sai dai akwai darasi mai ɗaci da ke goyon bayan tsoron Baban Zahra. Gidan ƙona gawa na farko, wanda ke Auschwitz ta ɗaya, wato sashen farko na sansanin, 'yan Nazi sun mayar da shi maɓoyar harin jiragen sama a 1944, suka yi masa bangaye a ciki, suka cire murahun. Bayan yaƙi, da aka kafa gidan tarihi a 1947, sai aka sāke gina bututun hayaƙin, aka harhaɗa murahu biyu da kayansu na asali, aka buɗe ramukan rufi da ake zuba guba ta cikinsu. Niyya mai kyau ce, amma an daɗe ba a yi wa masu ziyara cikakken bayani ba. Masu ƙaryata kisan kiyashin suka samu abin riƙewa: ga bututu da ba a haɗe yake da gini ba, ashe duk ƙarya ce. Har yau suna yawo da wannan.

Ku kwatanta da gidan ƙona gawa na biyu a Birkenau, wanda aka bari a rushe yadda nakiya ta bar shi. A shari'ar da David Irving, marubuci mai musun kisan kiyashin, ya shigar a Landan ya kuma sha kaye a 2000, an yi ta ja-in-ja a kan ko akwai ramukan zuba guba a rufin ɗakin da ake kashe mutane da iskar guba. Wani bincike da aka buga a 2004 ya gano gurbin uku daga cikin huɗun a jikin ɓaraguzan, ta hanyar duba yadda aka yanke rodi aka lanƙwasa shi tun lokacin zuba kankaren. Da an share ɓaraguzan nan, ko an "gyara" su sun yi kyau, da wannan hujja ta tafi. Shi ya sa nake cewa a riƙe, amma kada a sāke ginawa. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana tsofaffin gine-gine ma abin da ta tsayar ke nan: inda hasashe ya fara, nan gyara ke tsayawa, kuma duk abin da aka ƙara ya kasance ido na iya bambance shi.

Injiniya Bala:
Ƙari a kan na Barista. Ɗakunan iskar guba na biyu da na uku a cikin ƙasa suke. Tunda rufin ya faɗi, ƙasar da ke bayan bango tana turo shi ciki, in ta sha ruwa turin ya ƙaru. Ba a taɓa fuskar bangon ba. Siraran ginshiƙai aka kafa a cikin ƙasa ta bayansa su ɗauke nauyin, sannan aka kula da magudanan ruwa. Mai ziyara ba ya ganin komai sai kango.

Baban Zahra:
Na ji, kuma maganar gonar aladun nan ta girgiza ni. Amma ai takardun ofishin ginin sansanin sun tsira, da zanen gidajen ƙona gawar, ga hotuna, ga muryoyin dubban waɗanda suka tsira an naɗa. Yanzu kuma ana iya auna kowane bulo da na'ura a ajiye a kwamfuta. A Bergen-Belsen sojojin Birtaniya sun ƙone barikokin ƙurmus a Mayun 1945 saboda annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, babu gini ko ɗaya, amma ba wanda ya manta da wurin. Treblinka duwatsu 17,000 ne kawai a fili tun 1964, kuma masu zuwa na cewa ya fi ratsa zuciya.

Malama Hadiza:
Gaskiya ne, Yaya, amma duba lissafin. A Treblinka an kashe mutum wajen 900,000, kusa da adadin Auschwitz, amma mutum nawa ne a duniya suka san sunanta? Auschwitz ta karɓi baƙi sama da miliyan 2.3 a 2019 kaɗai. Dalilai na da yawa, amma babba a cikinsu shi ne a can akwai abin da ido zai gani: layin dogo, dakalin da ake sauke mutane a tantance su, gadajen katako hawa uku. Yaro ɗan sakandare in ya tsaya a cikin barikin da aka zana don dawaki hamsin da 'yan kai aka cusa mutum sama da 400, ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ke kwamfuta kuwa, a wannan zamani da ake ƙirƙirar hoto cikin minti guda, shi ne farkon abin da mai musu zai ce na bogi ne.

Hajiya Rabi:
Kun tsaya a kan gini, ni kayan ciki ne damuwata, don su ne suka fi saurin lalacewa. A ajiye akwai takalma wajen 110,000, akwatuna wajen 3,800 waɗanda fiye da 2,000 ke ɗauke da sunayen masu su, tukwane da kwanuka sama da 12,000, tabarau kimanin kilo 40. An buɗe ɗakin aikin adana su a 2003.

Takalmi ɗaya abu huɗu ne ko biyar a haɗe: fata, zare, ƙusa, wani lokaci katako ko roba, kuma kowanne da abin da yake so. In laimar ɗaki ta haura kashi 65 cikin ɗari, fumfuna ta kama fata, ƙusa ta yi tsatsa, tsatsar ta ci fatar da ke kewaye da ita. In ɗaki ya bushe da yawa, fatar ta ƙanƙance ta tsage. Ana neman tsakiya, wajen kashi 50, kuma abin da ya fi muhimmanci kada ya riƙa hawa da sauka. Tsibin takalma shi ma matsala ne, na ƙasa na ɗauke da nauyin na sama har ya baje. A aikin takalman yara wajen 8,000 da aka fara a 2023, ɗaya bayan ɗaya ake ɗauka, a share ƙura da burushi mai laushi, a tsayar da tsatsa, a ɗauki hoto, a rubuta bayaninsa. Ba a shafa masa mai ya yi ƙyalli, ba a miƙe wanda ya lanƙwashe, ba a cire taɓon da ya bushe a dunduniya. A cikin wasu an tarar da suna ko takarda da uwa ta cusa.

Akwati kuma rubutun da ke kansa shi ne ransa. Da fenti ko alli aka yi shi, haske na kashe shi, hannu na goge shi. Sau da yawa wannan sunan da ranar haihuwar su ne kaɗai abin da ya rage na mutumin, domin mafi yawan waɗanda aka kai ɗakin guba kai tsaye daga jirgin ƙasa ba a ma yi musu rajista ba.

Malam Idrisu:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni a kan gini da takalma ba ni da ja. Inda zuciyata ta ƙi kwanciya shi ne gashin mutane. Sojojin Sobiyet sun tarar da wajen tan 7 a ƙunshe cikin buhuna, kusan tan 2 na nan a bayan gilashi ana kallo. Wannan ba kaya ba ne, jikin ɗan Adam ne, akasari na mata. A wurinmu haƙƙin mamaci sutura ne, kuma su ma Yahudawa addininsu ya tsananta a kan binne gawa da barin kabari ya huta. An wulaƙanta baiwar Allah tana raye, an aske ta bayan ta mutu don a sayar wa masaƙa, sannan a ce har yau ba za ta samu ƙasa ta rufe ta ba?

Hajiya Rabi:
Allah gafarta Malam, wannan ita ce gaɓar da su kansu waɗanda suka tsira suka rabu biyu a kanta. Wasu sun ce a binne, wasu sun ce gashin uwata na iya kasancewa a ciki, ku bar shi duniya ta gani. Matsayar da ake kai yanzu tsaka-tsaki ce: an hana ɗaukar hoto a ɗakin, an rage haske, kuma ba a yi masa aikin da ake wa takalma. Launinsa ya riga ya dushe ya koma kusan iri ɗaya, yana karyewa in an motsa shi. Ko ɗaga shi zuwa kabari ma aiki ne mai haɗari, zai iya zama gari a hannu.

Dakta Nura:
Ruwanda ta fuskanci wannan fiye da kowa. A makarantar koyon sana'a ta Murambi, inda aka kashe dubun-dubatar Tutsi ranar 21 ga Afrilun 1994, an tono gawawwaki daga ramuka, aka barbaɗe fiye da 800 da farar ƙasa aka shimfiɗa su a kan tebura cikin azuzuwa. Dalilinsu a fili yake, tun jinin bai bushe ba ake musun abin. Amma farar ƙasa busar da gawa take yi, ba ta tsayar da lalacewa. Tana toshe kamanni, tana sa fata ta yi ƙarfi ta farfashe, ga ƙura da laima na shiga ta tagogi. Daga baya sai da aka nemi likitocin binciken gawa daga Hamburg suka taimaka aka tsabtace 'yan kaɗan aka sa su a akwatunan da iska ba ta shiga. A Gisozi ta Kigali kuwa an binne sama da mutum 250,000, kuma wurin bai rasa ƙarfinsa ba don an binne su. Kambodiya ma a 2002 ta sauke taswirar ƙasar da aka yi da ƙoƙunan kan mutane a kurkukun Tuol Sleng, amma ginin da gadajen ƙarfen da dubban hotunan fursunoni na nan, kuma takardun wurin sun yi aiki a shari'ar shugaban kurkukun da aka yanke wa hukunci a 2010.

Don haka ina tare da Malam Idrisu da sharaɗi ɗaya: kafin a binne, likitoci su gama aikinsu. A ƙirga, a auna, a rubuta irin raunin da ke jikin ƙashi, a ɗebi samfurin gano dangi, a binne a inda za a iya komawa in kotu ta buƙata. Kuma dangin mamatan ne ke da ta cewa, ba gwamnati ko masu yawon buɗe ido ba.

Baban Zahra:
To kuɗin fa? Wa ke biya har abada?

Barista Umar:
Tsarin ya yi kama da waƙafi. A 2009 aka kafa gidauniya da burin tara Yuro miliyan 120, Jamus ta ba da miliyan 60, ta kuma yi alƙawarin wasu 60 a 2019, ƙasashe da dama suka ƙara. Ba a taɓa uwar kuɗin, abin da ta haifa a shekara shi ake kashewa a kan adanawa kaɗai. Amfaninsa shi ne aikin da zai ci shekara huɗu ba ya tsayawa a tsakiya don an canja gwamnati. Bangon da aka tone gindinsa aka bari rabi ya fi wanda ba a taɓa ba shiga haɗari.

Malama Hadiza:
Wannan ya kawo mu Namibiya. A tsibirin Shark da ke Lüderitz, Jamusawa sun tsare 'yan ƙabilun Herero da Nama daga 1905 zuwa 1907, sanyi da yunwa da aikin tilas suka kashe su da yawan gaske. Shekara da shekaru wurin filin kafa tanti ne na masu yawon shaƙatawa. A 2021 Jamus ta amince a hukumance cewa abin kisan ƙare dangi ne, kuma yanzu shugabannin Nama da Herero na kokawa da shirin faɗaɗa tashar jiragen ruwan da ke maƙwabtaka da shi. A can babu bariki ko ɗaya da za a tallafa, dutse ne da teku. Injiniya, a irin wannan wuri, ko a ƙasar da ba ta da Yuro miliyan 120, daga ina ake farawa?

Injiniya Bala:
Daga takardar fili, Malama, kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya. A shata iyaka da doka, a sa ta a taswira, a ƙara zirin da ba a gini a cikinsa. Poland ta yi haka a dokar 1999, ziri har mita 100 kewaye da sansanonin. Sai a nemo kaburbura ba tare da tono ba, da na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa da tsofaffin hotunan sama, kamar yadda aka yi a Treblinka tun 2010, don kada mota ko harsashin wani gini ya hau kansu. A tsibirin Shark wannan binciken dole ya haɗa da ruwan da ke kewaye, tunda an jefa gawawwaki a teku, kuma yashe gindin teku don manyan jirage shi ne zai fara tafiya da su.

In akwai gini, ruwa ne abokin gaba na farko: a toshe yoyon rufi, a buɗe magudana, a sare itacen da saiwarsa ta doshi bango. Waɗannan ba su da tsada, lebura da mai gadi da mai dubawa duk bayan damina sun isa. Kada a yi wa tsohon bango yaɓen siminti. Ya fi bulon ƙarfi, yana kulle laima a ciki, bayan 'yan shekaru ya ɓallo da fuskar bulon gaba ɗaya, har da duk rubutun da fursuna ya kankara a jiki. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ake amfani da shi, mai barin bango ya yi numfashi. Kada kuma a yi fenti, ko da shugaban ƙasa ne zai kawo ziyara.